Littattafan Koyon Latinanci da Matsalar Harshen Ibada

Latinanci shi ne harshen Romawan dā. A yau babu garin da uwa take rarrashin ɗanta da shi, domin a bakin talakawa tuntuni ya rikiɗe ya zama Italiyanci da Faransanci da Sifaniyanci da 'yan uwansu. Amma bayan faɗuwar daular Rum ta yamma a shekarar 476 ya ƙara yin fiye da shekara dubu yana riƙe da coci da jami'a da kotu da likitanci a Turai, kuma har gobe da shi fadar Paparoma take fitar da manyan takardunta. Tun daga wajen ƙarni na 9, duk wanda ya iya harshen nan a gaban malami ya koye shi, da littafi a hannu. Saboda haka tarihinsa ya koma tarihin littattafan koyarwa da allo da bulala, kuma a cikin littattafan nan akwai tambayoyi biyu da suka fi ƙarfin aji. Ta farko, mene ne sanin harshe, haddace ƙa'idojinsa ko iya sarrafa shi? Ta biyu, me ya sa jama'a za su wahalar da 'ya'yansu wajen koyon harshen da ba a ciniki da shi, don kawai su yi ibada?

A Kano ta Waje harshen ya shigo. Titin Ibrahim Taiwo, wanda aka raɗa wa sunan gwamnan soja na Jihar Kwara da aka kashe ranar 13 ga Fabrairu 1976, rana ɗaya da Janar Murtala, ya ratsa ta Fagge ya bi ta gefen Kantin Kwari, kuma daga nan zuwa Sabon Gari tafiyar ƙafa ce. Fagge tsohon zangon ayari ne, inda Buzaye da sauran fatake suke sauke kaya. Shi kuwa Sabon Gari an yanka shi ne wajen 1913, bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, domin ma'aikata da 'yan kasuwar da suka zo daga kudu. A cikinsu akwai 'yan Katolika, kuma har zuwa tsakiyar shekarun 1960 duk Lahadi da Latinanci fada yake yi musu ibadar Mas, alhali a gida Ibo suke yi ko Yarabanci ko wani harshe. A daidai wannan zamani liman a Fagge yana jan Hausawa da Buzaye da Barebari salla da Larabci. Unguwanni biyu maƙwabta, kowacce tana fuskantar Ubangiji da harshen da ba a tsotse shi a nono ba. Daga baya ɗaya ta ajiye nata, sai ɗan abin da ba a rasa ba, ɗayar kuwa ba ta taɓa tunanin ajiyewa ba. Littattafan koyon harsunan biyu sun bi sawun wannan rabuwa: Ajuruma da Alfiyya suna nan birjik a wurin masu littattafai na Kasuwar Kurmi, amma mai neman nahawun Latinanci a Kano sai ya sha yawo.

Abin da ya sa Latinanci ba ya koyuwa da ka shi ne tsarinsa. Ƙarshen kalma ke nuna aikinta a jimla, ba wurin da ta zauna ba. Ɗalibin zaure wanda ya san rafa'i da nasabi da jarri ba zai ga baƙon abu ba, sai dai ya ga ƙari: suna a Larabci hali uku yake da shi, a Latinanci shida, sunaye sun kasu gida biyar, kowane gida da nasa ƙarshe, fi'ilai gida huɗu, jinsi kuma uku ne, namiji da tamace da wanda ba ko ɗaya ba. Mawaƙin Roma yana iya jefa siffa a farkon baiti ya ajiye abin da take siffantawa a ƙarshe, kuma ƙarshen kalmomin kaɗai ke nuna su biyun tare suke.

Littafin da ya fi kowanne daɗewa a hannun yara shi ne ƙaramin nahawun Donatus, malamin da ya koyar a Roma a tsakiyar ƙarni na 4. 'Yan shafuka ne, tambaya da amsa a kan rabe-raben kalma guda takwas, yaro ya haddace ya biya wa malami. Ya yi fiye da shekara dubu ana karanta shi, har ma yana cikin abubuwan farko da Gutenberg ya buga a Mainz, don ya san ba zai yi kwantai ba. Wanda ya ƙoshi da Donatus sai ya haura zuwa Priscian, ɗan Afirka ta Arewa, daga garin da yake cikin Aljeriya ta yanzu, wanda ya koyar a Kustantiniyya wajen shekarar 500 ya bar nahawu mai juzu'i 18. A tsakaninsu, wajen 1199, wani malamin Faransa mai suna Alexander na Villedieu ya tsara ƙa'idojin a waƙe, baiti fiye da 2,600, aka kira littafin Doctrinale, ya mamaye makarantu shekara ɗari uku. Kafin duk waɗannan, yaron da ya shiga makarantar coci Zabura yake fara haddacewa da rerawa, tun bai san ma'anar kalma ɗaya ba. Kayan ajin ba su da yawa: allon katako da aka shafe da kakin zuma, a karta rubutu da tsinke, a shafe a sake, sai tsumagiya, wadda masu zanen Turai suka riƙa ɗora wa nahawu a hannu duk lokacin da suka siffanta shi da surar mace.

Duk wanda ya tashi a birnin Kano ya san wannan tsani, ko da sunayen sun bambanta. Yaro ya fara da allo da tawada, ya sauke, sannan ya shiga karatun littattafai. A nahawu ya fara da Ajuruma ta Ibn Ajurrum, mutumin Fas da ya rasu a 1323, ita ma 'yan shafuka. Ya bi ta Mulha da Ƙaɗrun Nada ya kai ga Alfiyyar Ibn Malik, baiti dubu, wadda aka tsara ƙasa da shekara ɗari bayan Doctrinale. A lugga ya karanta Ishiriniya da Shu'ara da Muƙamatu Hariri, malam yana fassara gaɓa-gaɓa da Hausa. Abdullahin Gwandu ya ƙara nasa a wannan fanni: Al-Bahrul Muhiɗ a nahawu da Al-Hisnur Rasin a sarafi, dukansu a waƙe. Babu wanda ya kwaikwayi wani tsakanin makarantun biyu. Matsala ɗaya suka fuskanta, wato yadda za a cusa harshe mai li'irabi a kan yaron da ba ya jin sa a gida, a zamanin da littafi ya fi ƙarfin talaka, sai suka faɗa kan magani ɗaya. Waƙar nahawu ɗakin karatu ce da ake ɗauka a ka, kuma a inda takarda take da tsada wannan ba ƙaramar hikima ba ce. Abin lura kuma, yawancin waɗanda suka tsara ƙa'idojin ko dai baƙin harshen ne ko masu koyar da baƙi: Sibawaihi Bafarishe ne, Ibn Ajurrum ɗan Berber ne daga ƙabilar Sanhaja, Priscian kuwa ɗalibansa masu jin Girkanci ne.

Hanyoyin biyu sun taɓa haɗuwa a littafi guda. An buga Ajuruma a Roma a 1592, sannan a 1617 Thomas Erpenius, malamin Larabci a jami'ar Leiden, ya fitar da ita da fassarar Latinanci. Ke nan ɗalibin Holan na wancan zamani ta Latinanci ya shiga littafin da ɗalibin unguwar Madabo a Kano yake shiga ta Hausa. Kusan ƙarni biyar kafin nan ma, a Toledo, ta Latinanci Ƙanun na Ibn Sina da sauran ilimin Musulmi suka tsallaka Turai, kuma an fara juya Alƙur'ani zuwa wannan harshe a 1143.

Ƙorafi a kan hanyar hadda ya tsufa kamar hanyar kanta. Augustine, bishop na Hippo, wato Annaba ta Aljeriya, wanda aka haifa a 354, ya ba da labarin yadda ya iya Latinanci cikin wasa da raha a hannun masu renonsa, amma Girkancin da aka ɗura masa da duka bai taɓa shiga ransa ba. A wani ƙaramin littafi da ya rubuta a kan malami, cikin sigar hira da ɗansa, ya kai maganar nesa: kalma ba ta koya wa mutum abin da bai sani ba, iyakarta ta tunatar da shi ko ta zaburar da shi ya duba, domin wanda bai taɓa ganin abu ba, jin sunansa ba zai nuna masa shi ba. Ibn Khaldun, wanda ya rasu a 1406, ya yi wa malaman nahawun zamaninsa irin wannan suka a Muƙaddima. A wurinsa harshe malaka ce, wato gwanintar da take zama a jiki ta yawan ji da yawan yi, sanin ƙa'ida kuwa sanin yadda ake yi ne kawai. Ya buga misali da wanda zai iya bayyana yadda ake zura zare a allura da yadda ake haɗa bakin ƙyalle, amma in an miƙa masa yadi ba zai iya ɗinka komai ba. A Fagge, inda ɗinki ya zama sana'ar unguwa, misalin ba ya bukatar sharhi. Ya ce akan sami gwanin li'irabi da za a ce ya rubuta wa ɗan uwansa wasiƙa layi biyu, ya cika ta da kure.

Masu gyara a Turai sun bi wannan ra'ayi. Erasmus ya rubuta hirarraki na yau da kullum, gaisuwa da cin abinci da tafiya, don yara su riƙa magana da harshen. Comenius, malami ɗan ƙasar Cek, ya fitar da Orbis Pictus a 1658: kowane darasi da hotonsa, kowane abu a hoton da lambarsa, a ƙasa kuma sunansa da Latinanci da Jamusanci. Ana lissafa shi cikin littattafan yara masu hoto na farko. Mahaifin Montaigne, marubucin Faransa, har ya wuce gona da iri: ya ɗauko malami Bajamushe, ya hana kowa a gidan yi wa yaron magana sai da Latinanci. Yaron ya tashi da shi a baki, amma da aka kai shi makaranta aka ɗora masa ƙa'idoji, sai bakin ya fara tsatsa.

Duk da haka, Latinancin da Turawan Ingila suka kawo Afirka ta Yamma na hadda ne. Makarantar CMS ta Legas, wadda aka buɗe a 1859, ta koyar da Latinanci da Girkanci, kuma da aka kafa kwalejin jami'a ta Ibadan a 1948 akwai sashen waɗannan harsuna, yana nan har yanzu. Littafin da ya yi suna a makarantu irin na Ingila shi ne nahawun Kennedy na 1888, wanda bincike ya nuna 'ya'yansa mata biyu ne suka yi mafi yawan aikinsa. Jadawali ne bayan jadawali, har da 'yan waƙoƙin tuna jinsin sunaye, ɗalibi ya haddace, ya juya jimlolin Turanci zuwa Latinanci, ya karanta yaƙe-yaƙen Kaisar. A 1881 Edward Blyden, a jawabinsa na kama shugabancin kwalejin Laberiya, ya ce a koya wa 'yan Afirka Latinanci da Girkanci domin babu dafin raina baƙar fata a cikinsu kamar yadda yake a littattafan Turai na zamaninsa, kuma a haɗa musu da Larabci. A Arewa gurbin tsohon harshen ilimi a cike yake tun kafin Turawa, don haka abin da ya samu gindin zama a Kano shi ne makarantar shari'a ta 1934, wadda ta koma Makarantar Nazarin Larabci a 1947. Rabon Bahaushe daga Roma haruffan boko ne, waɗanda aka ƙara wa masu lanƙwasa don su ɗauki lafazinsa.

Littattafan da ake amfani da su yau an rubuta su ne a lokacin da harshen ya rasa tilas. Jami'o'in Oxford da Cambridge sun daina sharɗanta Latinanci ga mai neman shiga a 1960, malamai suka ga in ba a canza salo ba aji zai watse. Uku ne suka fi fice. Na Wheelock, wanda ya fito a Amurka a 1956, tsohuwar hanya ce da aka yi wa kwaskwarima don manya: babi 40, kowane babi ƙa'ida da kalmomi da jimloli daga marubutan dā. Na Cambridge, wanda ya fara fita a 1970, labari ne na gidan wani attajiri a Pompeii kafin dutse ya yi aman wuta ya binne garin a shekarar 79. Ɗalibi yana bin labarin, ƙa'ida tana biyo baya kaɗan-kaɗan. Na ukun na Hans Ørberg ne, malami ɗan Denmak, wanda ya fara fita a 1955 aka sake masa fasali a 1990. A cikinsa babu kalma ɗaya ta wani harshe. Shafin farko taswira ce da gajerun jimloli da kowa zai gane, kowace sabuwar kalma ana fahimtar ta daga hoto ko daga waɗanda suka gabace ta, har nahawun ma da Latinanci ake bayaninsa, kuma cikin babi 35 mai karatu ya kai ga baitocin mawaƙan Roma. Wanda ya yi Islamiyya zai tuna Bari da Biba, wanda ya yi gaba kuma zai tuna Durusul Lugga na Dakta Abdurrahim da ake karantawa a jami'ar Madina, domin dabarar ɗaya ce.

In an auna su da manufa, wato karanta nassi ba tare da tsayawa a kowace kalma ba, na Ørberg ya fi kai ɗalibi gaci. Wheelock yakan fitar da mai warware jimla kamar lissafi, wanda shafi guda zai ci masa sa'a. Cambridge yakan fitar da mai saurin karatu wanda yake cankar ma'ana, in jimla ta murɗe sai ya rasa madafa. Amma ba daidai ba ne a ce tsohuwar hanya ba ta haifar da komai ba. Ita ta fitar da Erasmus ɗin da ya soke ta, kamar yadda zaure ya fitar da Abdullahin Gwandu da Waziri Junaidu, masu waƙar Larabci da Balarabe zai ji ya jinjina. Sirrin shi ne ba su tsaya a matani ba. Bayan ƙa'ida sun karanta littattafai masu yawa, sun yi rubutu, sun zauna da masu magana. Inda hanyar take kasawa shi ne wurin mafi yawan ɗalibai, waɗanda suke barin karatu a tsakiyar tsani, da baitoci a ka amma babu harshe a baki.

Wannan ya kawo tambaya ta biyu, wadda ita ce ta addini. Latinanci ba harshen wahayi ba ne a wurin Kiristoci. Tsohon Alkawari da Ibrananci aka rubuta mafi yawansa, Sabon Alkawari da Girkanci, kuma cocin birnin Roma kansa da Girkanci ya fara ibada. An koma Latinanci ne a ƙarni na 3 da na 4 saboda jama'a sun daina jin Girkanci, kuma manyan marubutansa na farko a coci 'yan Afirka ne, irin su Tertullian na Kartaj. A 382 Paparoma Damasus ya ɗora wa Jerome, ɗalibin Donatus, aikin gyara fassarar Linjila, shi kuma ya zarce ya juya Tsohon Alkawari daga Ibrananci. Ke nan harshen ya shiga ibada ne don a fahimta. Da zamani ya ja, bakin mutane ya canza, littafin ya tsaya inda yake, har a 813 taron limamai a Tours ya umarci a riƙa yin wa'azi da harshen ƙauye. Bayan Luther, wanda ya ɓalle daga cocin Roma, ya juya Littafi Mai Tsarki zuwa Jamusanci, taron cocin Katolika a Trent ya tabbatar da fassarar Jerome a 1546, sannan a 1562 ya ƙi yarda a mayar da Mas harsunan gida, amma ya ce limamai su riƙa yi wa jama'a bayani.

Hujjojin riƙe shi an tattara su a takardar da Paparoma John na 23 ya fitar a Fabrairu 1962: harshe ne da ba na wata ƙasa ba, don haka ba ya fifita kowa, ma'anonin kalmominsa sun daina motsi, don haka aƙida ba ta zamewa a cikinsa, kuma ya ɗaukaka daga maganar kasuwa. Hujjar farko tana da nauyi a wuri kamar Sabon Gari, inda zaɓen harshen ƙabila ɗaya zai ɓata wa sauran. Amma ba a yi shekara biyu ba, a Disamba 1963, babban taron Vatican na biyu ya ce a kiyaye Latinanci, tare da buɗe ƙofa ga harsunan gida, kuma cikin shekara goma ƙofar ta haɗiye ɗakin. Yau a majami'un Katolika na Arewa da Turanci da Hausa ake yawan yin Mas, ko da yake akan rera wasu sassa da tsohon harshen, musamman a manyan bukukuwa. Coci ya iya yin haka ne don abin da ya ajiye fassara ce, ya musanya ta da wata fassara.

A Musulunci lamarin ya sha bamban tun daga tushe. Alƙur'ani ya siffanta kansa da cewa da Larabci aka saukar da shi, kuma malamai sun tafi a kan cewa lafazin da ma'anar tare suke wahayi, gagarar da ke cikinsa tana cikin tsarin kalmominsa. An ruwaito Abu Hanifa ya halatta karatun salla da Farisanci, almajiransa biyu suka taƙaita hakan ga wanda ya kasa Larabci, an kuma ruwaito shi ma ya janye. A mazhabar Malikiyya, wadda ake bi a Kano, wanda bai iya Fatiha ba wajibi ne ya koya, kafin nan ya bi liman. Da gwamnatin Turkiyya ta mayar da kiran salla Turkanci a 1932, abin bai zauna ba, aka janye a 1950. Shi ya sa Sheikh Abubakar Gumi ya kira aikinsa tarjamar ma'anoni, kuma ba wanda yake salla da shi, alhali Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito a 1932 Kirista yana ɗaukarsa littafin ne kansa. Wannan bai hana harshen gida aiki ba: Shehu Usmanu da 'yarsa Nana Asma'u sun karantar da waƙoƙin Fulatanci da Hausa, tafsirin azumi kuma da mai jan baki yake tafiya, aya da Larabci, bayani da Hausa. An raba aiki ne, harshen wahayi ga salla, harshen uwa ga karantarwa.

Saura tambayar da take damun ɓangarorin biyu: mene ne matsayin ibadar wanda ba ya jin abin da yake faɗa? Thomas Aquinas, a ƙarni na 13, ya kasa hankalin mai addu'a gida uku: kula da lafazi don kada a yi kure, kula da ma'ana, da kula da wanda ake roƙo. Ya ce na ukun ne ya fi zama dole, kuma ko wanda bai yi karatu ba yana iya samun sa. Imam Gazali a Ihya ya lissafa abubuwa shida da suke raya salla, ya sa halartowar zuciya daban, fahimtar ma'ana daban, sannan girmamawa da kwarjini da fata da kunya. Dukansu biyu ba su kore tsohuwar da take karanta abin da ba ta iya fassarawa ba, kuma dukansu ba su ce fahimta ba ta da amfani ba. Gazali ya nuna cewa a nan ne mutane suke fin juna, don wata ma'ana takan buɗe wa mai salla a cikin sallar. Manzo Bulus ma, a wasiƙarsa ta farko ga Korintiyawa, ya fifita 'yan kalmomin da jama'a za su gane a kan dubbai da ba a ganewa, kuma da wannan nassi masu neman harshen gida suka riƙa kafa hujja. Abin da za a iya cewa cikin adalci shi ne, ingancin ibada bai rataya a kan nahawu ba, amma tsare ma'anarta ya rataya. Malaman usulu sun sa ilimin nahawu da lugga cikin farillar kifaya, wadda in wasu sun yi ta faɗi a kan saura, in kowa ya bari kowa ya yi laifi.

Cocin Katolika, bayan ya buɗe ƙofar fassara, ya tsinci kansa a matsayi mai kama da wannan. Asalin littafin Mas da kundin dokokin coci na 1983 da Latinanci suke, kuma daga asalin ake son kowace fassara ta fito. A 2001 Vatican ta tsaurara sharuɗɗan fassara, abin da ya jawo aka sake juya littafin Mas na Turanci, sabon ya fara aiki a 2011; a 2017 Paparoma Francis ya mayar wa tarukan bishop-bishop na ƙasashe ƙarin iko a kan fassarorinsu. Ikon ba ya da amfani in babu masu iya komawa asali. In Hausar da ake ibada da ita daga Turanci aka juyo ta, to fassarar fassara ce, kuma duk inda Turancin ya karkace za ta bi shi ba ta sani ba. Saboda haka doka ta 249 a kundin ta ce masu shirin zama fada su ƙware a Latinanci. Wannan ya shafi makarantun horar da limamai irin ta Saint Augustine da ke Jos, ya kuma shafi Kano, wadda ta zama cikakkiyar diyosis a 1999, kuma Bishop John Namaza Niyiring da aka naɗa mata a 2008 ɗan ƙungiyar mabiya Augustine ne, wadda rubuce-rubucen jagoranta duka da Latinanci suke.

Ga irin wannan ɗalibi akwai littattafai na musamman, kamar na John Collins na 1985, wanda ya ɗauko misalansa daga fassarar Jerome da addu'o'in coci maimakon yaƙin Kaisar. Lafazin ma ya rabu biyu: na coci yana bin bakin Italiyawa, na jami'a yana ƙoƙarin maido da na zamanin Romawan dā, kuma malami yakan zaɓi ɗaya tun ranar farko. Ƙamus ɗin Lewis da Short na 1879 da nassoshin marubutan dā suna nan kyauta a intanet, gidan rediyon Vatican kuma yana watsa gajeren labaran mako da harshen tun 2019, don haka wayar hannu ta rage matsalar rashin littafi a kasuwa. Abin da ba ta rage ba shi ne harshen tsakiya. Kennedy da Wheelock da Cambridge da Collins duk da Turanci suke bayani, harshen da ya zubar da kusan duk li'irabinsa, har marubutan sukan ɓata shafuka suna fahimtar da ɗalibi cewa ƙarshen suna yana iya canzawa. Ɗalibin da ya karanta Ajuruma ya wuce wannan mataki tun yana yaro, kuma in aka haɗa shi da littafin Ørberg, wanda ba ya bi ta Turanci, malaminsa yana iya yi masa bayanin halayen suna shida da Hausa, ya fara daga ukun da ya riga ya sani.